Rasuwar Gladys ta Ɗakin Ƙasa

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har ya bar gurbin tambaya ɗaya kawai, Orest Hnatiuk, mai shara da gyare-gyare na ɗakin karatun garin Plover Creek, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gladys. Tambayar kuwa ita ce: idan ka koya wa wata halitta jumla ɗaya tak, ta riƙa faɗa maka ita kowace safiya da zuciya ɗaya, ashe jumlar ta daina zama gaskiya tun shekara shida da suka wuce, wa ya yi ƙarya a tsakaninku? Orest ya juya tambayar nan yana goge daɓe, ya juya ta yana kwashe dusar ƙanƙara a bakin ƙofa, har yau bai sami inda zai ajiye ta ba. Wanda ya san amsar yana iya zuwa da ita wajen jana'iza.

Marigayiya Gladys kwamfuta ce, irin wadda ba a zama a gabanta, sai dai a ajiye ta a lungu ta riƙa yi wa sauran hidima. Masu sana'ar suna ce wa irinta uwar garke. Ta cika ranar Talatar farko ta watan Fabrairu, da ƙarfe tara da minti goma na safe, a ɗakinta da ke ƙarƙashin bene, tsakanin tukunyar ɗumama gini da kwalayen kayan adon Kirsimeti, tana da shekara goma sha tara a duniya. A wajen irinsu wannan ya haura ɗari. An jinkirta sanarwa mako uku saboda binciken gawa.

Ta yi ƙuruciyarta a ofishin rumbun alkama na bakin layin dogo, tana rubuta nauyin motocin da ke shigowa. Da ta kai shekara shida aka ce ta tsufa, aka fitar da ita bayan gini tana jiran motar bola. Nan Orest ya gan ta, ƙanƙara ta fara rufe mata kai. Shi kuwa mutum ne da ba ya iya wuce abin da aka yar bai tsaya ya tambayi kansa laifin me ya yi ba. Ya ɗora ta a bayan motarsa, ya lulluɓe ta da bargon karensa, ya kawo ta inda za ta ƙarasa sauran shekara goma sha uku na rayuwarta.

A lokacin Orest bai san komai ba game da irinta. Ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha shida ya kama gonar mahaifinsa, bayan gonar ta tafi ya kama tsintsiya. Amma a kanta ta ƙarshe ta ɗakin karatu akwai wani littafi mai kauri na koyon sarrafa irinta da ba wanda ya taɓa ara tun da aka saye shi. Ya sauko da shi ƙasa, ya kife bokiti ya zauna, kullum lokacin hutun abincin rana, burodi a hannu ɗaya, littafi a kan gwiwa. Gladys ba ta da hotuna, ba ta da ado. Baƙin allo ne da wani ɗan ɗigo mai ƙyaftawa yana jiran umarni. Abin da ya fara kama zuciyarsa shi ne ba ta da ra'ayi. Abin da ka ce shi take yi, ba abin da kake nufi ba. Ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa haɗuwa da mai gaskiya mai ban tsoro kamarta ba.

Ranar da ya gane ana iya jera umarni a rubuce, layi bayan layi, a ba su suna, a ce mata ƙarfe kaza ki karanta ki aikata ko ina nan ko ba na nan, ranar bai ci burodinsa ba. Rubutunsa na farko layi uku ne: ta gaishe shi, ta faɗi kwanan wata, ta yi shiru. Ya sa ta maimaita sau arba'in.

A mako na biyu ya koyi umarnin sharewa, ya kuma gwada shi yana cikin wata jakar takardu ta kwamfutar da ba ita yake nufi ba. Cikin ƙiftawar ido Gladys ta share duk takardun wasan Kirsimeti na yara, na shekara huɗu, mallakar Marlys Friesen, shugabar ɗakin karatu. Marlys ta sauko bene tana riƙe da tabaranta.

"Furofesa, ina takarduna?"

"Sun... huta."

"Sun huta. To kai ma ka kusa hutawa."

Daga ranar sunan Furofesa ya bi shi, daga ranar kuma yake tsoron rubuta umarnin sharewa. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da kawaici. Ba ta taɓa neman hutu ba. An ɗauke wuta tana tsakiyar aiki ya fi a ƙirga, ba ta riƙe kowa a zuci ba, wuta na dawowa sai a ji ta ce ɗit, sau ɗaya, kamar mai gyaran murya kafin ya shiga ɗakin mutane. Fankarta tana cewa fuuu dare da rana, idan aiki ya yi yawa cikinta ya ɗauki kirit-kirit, kirit-kirit, kamar ɓera a cikin buhun masara. Mai karamci ce kuma: duk wanda safar hannunsa ta jiƙe a garin nan ya san inda zai shanya ta.

Babbar amanar da ta riƙe ita ce muryoyi. Shekara goma ke nan da Marlys ta fara gayyato tsofaffin gari su zauna a ƙaramin ɗakin sama su ba da labarin rayuwarsu, ana naɗa. Wanda ya ga farin da ya kashe shanu, wadda ta haihu a mota a kan hanyar asibiti, wanda ya rantse shi ya zura ƙwallon da ta ci kofin lardi alhali gari duka ya san ƙaninsa ne. Kwamfutar da ke ɗakin sama ce take naɗa, da yamma Gladys ta janyo naɗin ƙasa ta adana. Murya ɗari da arba'in da uku. Fiye da rabin masu su yanzu suna maƙabartar bayan coci.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu, dukansu rubutun hannun Orest. Babbansu Mai Kwafi, layi goma sha huɗu, wanda aikinsa shi ne kowace asuba ya kwafe duk abin da ke cikinta zuwa wani faifan ajiya da ke cikin kabad. Sai Mai Tuni, wanda ke aika wa mutane saƙo cewa littafin da suka ara ya yi kewar gida. Sai Mai Shara, wanda aka ɗora wa nauyin hawa sama duk Juma'a ya share naɗin da aka riga aka sauko da shi, don kada kwamfutar sama ta cika. Sai autarsu Mai Gaisuwa, layi biyu, 'yar lelen kowa, wadda da zarar Mai Kwafi ya gama, ƙarfe shida daidai, za ta aika saƙo: Barka da asuba. Komai yana nan lafiya. Gladys.

Ta kuma bar ƙanwa ɗaya, kwamfutar ɗakin sama, wadda saboda tsananin nawa ba wanda ke kiranta da wani suna sai Kunkuru. Da kuma wata na'urar buga takarda da ba sa ga maciji da juna tun asali, wadda duk da haka iyali suna karɓar ta'aziyyarta.

Saƙon asuba mutum biyu yake zuwa wa da farko, Orest da Marlys. Ta ukun ta shigo shekara biyar da suka wuce. Doreen Lavallee, wadda gari duka ke kira Anti Doreen, mijinta Armand makaɗin goge ne, wanda babu bikin da aka yi a yankin nan cikin shekara hamsin ba da shi ba. Wata rana a lokacin kaka ya zo ya zauna a ɗakin sama, ya yi minti arba'in da bakwai yana magana yana kaɗawa, bayan ya kafa sharaɗin matarsa ta jira a waje, don a cewarsa ba ya iya kai jumla ƙarshe ba ta gyara masa ba. Kafin ƙanƙara ta narke ya rasu. Bayan an share makoki Marlys ta ce, "Anti, in kunna miki?"

"Ba yanzu ba."

Bayan wata guda ta sake tambaya.

"Na ce ba yanzu ba, Marlys. Ku dai ku ce min yana nan."

Orest ya ji wannan daga inda yake goge taga. Ya sauka ƙasa ya ƙara adireshinta a layi na biyu na Mai Gaisuwa. Tun daga nan, in ji ta, ba ta ɗora butar kofi sai ta karanta. Komai yana nan lafiya. Sai ta ce wa kujerar da ke fuskantarta, "Ka ji, kana nan," sannan ta kunna murhu.

Dole sanarwar nan ta faɗi wani abu game da mai makoki. Sau da yawa Marlys ta ce masa, "Furofesa, ka bar matar nan mai kula da kwamfutoci ta ofishin lardi ta duba rubuce-rubucen nan naka mana. Ido biyu ai sun fi ɗaya gani."

"Ba wanda ke leƙa aljihun wandona."

"Wa ke son aljihunka? Ƙusoshi ne da alewar tari."

Yakan yi dariya ya wuce. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji mai takardar shaida ta karanta layukansa ta yi murmushi. Ya buga su a takarda, ya sa a wani koren fayil, ya ɓoye bayan kwalaben sabulu a ɗakin tsintsiya.

Rashin lafiyar marigayiya ya fara da kumburin ciki. Shekaru tana cika fiye da yadda ya kamata, Orest ya ce tsufa ne. A watan Janairu kirit-kirit ya koma tak, tak, tak, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Ya hure mata ƙura, ya canza mata fanka, ya daina barin a shanya mata safa. Ranar Talatar, ƙarfe shida, ta aika gaisuwarta kamar kullum. Ita ce maganarta ta ƙarshe. Da tara da minti goma ta ce tak sau biyu, fankar ta ja dogon numfashi, ɗakin ƙasa ya yi shirun da ba a ji irinsa ba cikin shekara goma sha uku.

Orest ya cire hularsa, amma hankalinsa bai tashi ba. Ai don irin wannan rana aka haifi Mai Kwafi. Ya buɗe kabad yana shirin ɗauko faifan ajiya. Fitilar faifan a kashe take. Ya bi wayarsa da hannu har bayan kabad, ya same ta tana reto, ba ta cikin bango. A ramin da ya kamata ta kasance, abin cajin injin goge daɓe ne zaune, ya yi ƙura, ya saba da wurin.

Ya tuna. Shekara shida da suka wuce aka kawo sabon injin goge daɓe, ya rasa inda zai jona shi, ya zare wata baƙar waya yana cewa zuwa anjima. Wato Orest mai shara ne ya yi wa Orest mai kwamfuta wannan aiki, kuma shekara shida suna cin abincin rana a kan bokiti ɗaya ɗayansu bai faɗa wa ɗaya ba.

To Mai Kwafi fa, ina yake kai kayan? Ga yadda abin yake. Idan faifan ajiya yana jone, ƙofarsa tana bayyana a cikin Gladys kamar wata jaka. Idan aka zare shi, jakar tana nan da sunanta, sai dai ba ta kaiwa ko'ina, lungu ce kawai a cikin cikin Gladys. An ce wa Mai Kwafi zuba a jakar nan, ya zuba. Kowace asuba, shekara shida, yana ciro kaya daga aljihun dama yana sa wa a aljihun hagu na wando ɗaya. Kumburin cikin ke nan. Mai Gaisuwa kuwa ba a taɓa ce mata ta duba komai ba, an ce idan yayanki ya gama ki ce lafiya. Ranar da wandon ya ƙone, aljihu biyun suka tafi tare.

Faifan kabad yana da murya tamanin da ɗaya, har zuwa ranar injin goge daɓe. Sittin da biyu babu. Armand Lavallee yana cikin sittin da biyun.

An aika cikin marigayiya, wato faifanta, birni wajen masu ceto irin wannan. Bayan kwana goma sha biyu suka dawo da shi da 'yar takarda: fuskar faifan ta kankare kamar gonar da aka yi wa huɗa, ba abin da za a tsinta.

Marlys ta same shi a ƙasa, a kan bokiti. Ba ta kira shi Furofesa ba.

"Orest, a rahoton kwamiti zan rubuta tsufa ne ya kashe ta. Ai ba ƙarya ba ce."

"Ba ƙarya ba ce."

"To shi ke nan."

"Ita ma Gladys abin da take faɗa kenan, Marlys. Ta kwafa ai. Ba ƙarya ba ce."

Marlys ta dube shi, ta haye sama. Saboda haka a rubuta a nan, inda kowa zai gani: tsufa ne ya kashe Gladys, amma ba tsufa ne ya ɓatar da muryoyin ba.

Shi da kansa ya je gidan Anti Doreen ya faɗa mata, yana tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu. Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Shekara biyar ke nan ina gaida kujera a banza?" Ta rufe ƙofa a hankali, abin da ya fi a buga ta zafi.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga ta tana saukowa bene, hannu ɗaya a jikin ƙarfe, ɗayan riƙe da rula ta katako da fulas.

"Kawo fayil ɗin."

"Wane fayil, Anti?"

"Kada ka maida ni 'yar yarinya. Koren nan da kake ɓoyewa bayan sabulu. Gari duka ya sani."

"Anti, ba abin da za ki gane a ciki."

"Shekara talatin da ɗaya ina duba wa jaridar garin nan rubutu kafin a buga, har da na lauyoyi da na likitan dabbobi. Ban taɓa gane ko ɗaya ba, kuma ban taɓa barin kuskure ya wuce ni ba. Ina so in ga layin da ya kashe min miji karo na biyu."

"Ba zan iya ba."

"To tashi min daga bokitin. Na zo da kofi, ba inda za ni."

Minti arba'in ya yi yana gyara abin da bai lalace ba a jikin tukunyar ɗumama gini. Daga nan ya je ya ɗauko.

Ta ɗora rula a ƙarƙashin layin farko. "Faɗa min da bakin mutane." Ya faɗa. Ta sauke rula. "Wannan fa?" Haka suka bi Mai Kwafi har layi na goma sha huɗu. Ta juya takardar ta duba bayanta.

"Ina layin da yake tambaya ko faifan yana nan?"

"Babu."

"Kai ko madara za ka zuba ai ka duba ko akwai kofi a ƙasa."

"Haka ne, Anti."

"Ita kuma 'yar bakin zaƙin nan, wa ta tambaya kafin ta ce lafiya?"

"Ba kowa."

"Irin surukata ke nan. Kawo na gaba."

Ya ce na gaban ba shi da alaƙa da maganar, Mai Shara ne. Ta ce ba ta taɓa barin shafi a tsakiya ba. Rula ta sauka layi ɗaya, biyu, har na tara. Nan ta tsaya.

"Wannan ɗan shingen da ke gaban layin fa? Sauran ba su da shi."

"Idan aka sa shi, tana tsallake layin. Kamar an ce mata wannan ba naki ba ne. Ana sa shi ne lokacin gwaji, idan layin mai haɗari ne, in an tabbatar sai a cire."

"Layin me yake yi?"

"Shi ne yake share..."

Bai ƙarasa ba. Ya tuna ranar da ya rubuta shi, takardun Kirsimeti suna masa gizo. Ya sa shingen yana cewa zuwa anjima.

"Orest. In ba a cire ba, wa yake sharar duk Juma'a?"

Ba kowa. Mai Shara yana hawa sama duk mako, ya leƙa, ya ƙirga abin da ya kamata ya share, ya sauko bai taɓa komai ba. Shekara goma. Kunkuru ba nawa gare ta ba, kaya ne a kanta: duk muryar da aka taɓa naɗa a ɗakin sama tana jibge a wata jaka da ba wanda ke buɗewa, ana zaginta tana ɗauke da su.

Sai dai Kunkuru ba ta ɗakin sama. Tun makon jiya Marlys ta samo sabuwa, an sa tsohuwar a kwali a bakin ƙofar baya, motar da ke kwashe tsofaffin na'urori a niƙe za ta zo Juma'a da safe. Waɗanda ke ɗakin karatu a ranar sun shaida cewa ba su taɓa ganin Orest yana gudu ba, balle a ce tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu tana bayansa tana cewa "Matsa, matsa, jiki kamar buhun dankali!" Marlys ta biyo su tana tambayar ko gobara ce.

Kunkuru ta ɗauki minti goma sha ɗaya kafin ta farka, ba wanda ya zage ta. Orest ya buɗe jakar. Sunaye suka zubo, allo bayan allo. Anti Doreen ta ɗora rularta a jikin gilashin tana saukewa, har ta tsaya. Lavallee, Armand. Minti arba'in da bakwai.

Marlys ta zauna a ƙasa daɓas. "Furofesa, wato ragwancin ɗanka ne ya cece mu?"

"Tsoron ubansa ne."

Wannan ita ce tambaya ta biyu da mai makoki ya gada: abin da ya yi da himma shi ya yi ɓarna, abin da ya bari don tsoro shi ya yi ceto, to a kan wanne za a auna shi? Ya daina sa ran amsa.

Marlys ta miƙo abin sa wa a kunne. "Anti?"

"Cewa na yi ku ce min yana nan. Ban ce zan saurara ba." Ta ɗauki fulas ɗinta ta tafi.

Hamsin da biyar aka samu. Bakwai Gladys ta tafi da su, waɗanda Marlys ta naɗa a gidan kula da tsofaffi ta zuba kai tsaye cikin Gladys ba su bi ta Kunkuru ba. Uku daga masu su suna raye, an riga an koma musu, ɗaya ma ya ce labarin ya fi daɗi a karo na biyu. Huɗu babu inda za a koma. Cikinsu akwai Olga Wasylenko, wadda ta rera waƙoƙin rarrashin jariri goma sha ɗaya da ta koya daga kakarta. Ga iyalan waɗannan huɗu Orest ba shi da abin cewa mai ban dariya. Ya je gidajensu ɗaya bayan ɗaya.

Marigayiya ba ta bar wasiyya a rubuce ba, amma magajiyarta, wadda ta kama aiki ranar Litinin ba a kuma raɗa mata suna ba tukuna, an yi mata tarbiyya daban. Kafin ta kwafa sai ta tambaya ko faifan yana nan. Bayan ta kwafa sai ta ƙirga. An koya mata jumla ta biyu, wadda uwarta ba ta taɓa sani ba: Yau ba lafiya, ku zo. Duk farkon wata Orest zai ciro murya ɗaya daga faifan ajiya ya saurara da kunnensa. Kuma babu layin da zai shiga cikinta sai ya bi ta ƙarƙashin rula.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana a zauren ɗakin karatu. Gawa za ta kasance a kwalin da Kunkuru ta fito, don a gan ta a yi ban kwana. Za a manna 'ya'yanta huɗu a bango, kowane layi da fassararsa da bakin mutane, an ja jan layi a inda aka yi kuskure. Duk mai sha'awar koyo ya zo da biro, an kuma gayyaci matar ofishin lardi, tana da izinin yin murmushi. Bayan nan mutum huɗu za su ɗauki marigayiya zuwa wurin tara tsofaffin na'urori da ke bayan filin ƙwallon ƙanƙara, in ban da fankarta, wadda mai makoki ya roƙi a bar masa. Akwai burodi mai haɗin ƙwai, da kokwamba mai tsami, da kofi. Ba a buƙatar furanni. Wanda yake da tsoho a gida ya kawo shi ɗakin sama. Masu safa a jiƙe su yi haƙuri, su nemi wani wuri.

A tsarin farko an rubuta cewa ba za a kunna murya ko ɗaya ba. An gyara. Yau da safe, ana shirin buga wannan sanarwa, Anti Doreen ta shigo ba rula ba fulas, ta wuce kowa ta hau ɗakin sama, ta ce wa Orest, "Ba ni abin kunnen nan, ka fita." Ya fita ya tsaya a bakin ƙofa da tsintsiyarsa. Minti biyu suka wuce. Uku. Sai ɗakin karatu duka, har masu karanta jarida, suka ji muryarta ta cikin katakon ƙofa:

"Ƙarya kake, Armand! Ba shekarar ambaliya muka haɗu ba, shekara guda kafin nan ne! Kuma rigar shuɗiya ce!"

Ba ta fito ba sai da ta kai ƙarshe, ta sake mayarwa farko.

Don haka an ƙara minti arba'in da bakwai a tsarin jana'iza. Armand Lavallee zai yi jawabi ya kuma kaɗa goge. Anti Doreen za ta zauna a layin gaba, kuma ta sanar da iyali cewa wannan karon ba za ta jira a waje ba.